Mutum na Goma Sha Uku

Idan ka shiga shagon kayan gini da ke bayan tashar mota ka nemi fenti, ko ƙwan fitila, ko wani abin da aka jibge a can saman kanta, mai shagon ba ya neman tsani. Murya kawai yake ɗagawa: "Madubi, miƙo mana." Sai ka ga wani dattijo ya taso daga kan buhunan siminti, ba a lokaci ɗaya ba, gwiwar dama tukuna, sannan ta hagu ta biyo baya tana ƙara. Ya sunkuyar da kai don kada fanka ta yi masa aski, ya miƙa hannu ya sauko da kayan. Baƙin masu saye ba sa iya yin shiru. "Kai, Baba! Wannan tsawo haka? Ai da ƙwallon kwando ka yi, da duniya ta san da kai." Shi kuwa sai ya ce, "Haka mutane ke faɗa," ya koma kan simintinsa.

To, ya yi ƙwallon kwandon. Ƙuruciyarsa kaf a sansanin ƙungiyar ƙasa ta ƙare, tare da mutanen da hotunansu ke manne a shagunan aski har gobe. Sai dai bai taɓa buga wa ƙasar wasa ko ɗaya ba. Mutum goma sha biyu ake ɗauka zuwa gasa, shi kuma kullum shi ne na goma sha uku. Abin da ya nema a duniya bai wuce wannan ba: a kira shi cikin sha biyun nan sau ɗaya, ya sa farar riga mai tambarin ƙasa, ko da benci zai je ya ɗumama har a tashi.

Ɗan kafinta ne. Tun yana firamare ubansa ke ƙara wa gadonsa katako ta wajen ƙafa, uwarsa na ƙara wa wandonsa ƙyalle, har wandon ya zama kala uku. Bayan tsawo kuma Allah ya ba shi wata baiwa da ba ta da amfani a gidan kafinta: duk wanda ya gani sau biyu, zai iya zama shi. Tafiyar hedimasta, tarin mai gadi, yadda ubansa ke kanne ido ɗaya yana duba ko katako ya miƙe. Uwarsa ta sha dariya har da hawaye, ta kuma sha ce masa, "Ɗan nan, ka bar kwaikwayon mutane, wata rana za ka neme ka ka rasa." Wani malamin motsa jiki ne ya ja shi filin kwando. Hannunsa na dama ya zo da sa'a, ƙwallo na barinsa a hankali ta faɗa raga ba tare da ta taɓa ƙarfe ba. Kafin ya cika ashirin aka gayyace shi sansanin ƙasa.

A lokacin ƙungiyar ƙasa abar tausayi ce. Kowace gasar nahiya su ake fara korowa gida, har sauran ƙasashe na fatan a haɗa su rukuni ɗaya da su. Sai aka kawo sabon koci, wani gajeren mutum mai faɗa, wanda usur ba ya barin wuyansa ko a wajen cin abinci. Babbar damuwarsa ita ce hukuma ba ta kai su wasannin gwaji waje, saboda haka 'yan wasansa ba sa ganin abokan karawarsu sai ranar da za su sha kashi a hannunsu.

A makon farko abin ya faru, a ɗakin cin abinci. Yaro sabo, yana so manya su san da zamansa. Ya tashi ya ɗauki kwanon roba a matsayin ƙwallo, ya yi yadda kyaftin ɗin ƙungiya ke yi idan an ba shi jifa daga layi: ya goge tafinsa a wando, ya zaro harshe gefe guda, ya turo ɗuwawu baya. Ɗakin ya kaure da dariya, Kyaftin kansa har da buga tebur. "Wannan ai madubi ne!" in ji shi, sunan kuma ya zauna daram. Koci na tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi. Shi kaɗai bai yi dariya ba.

"Kai, zo nan. Kowa kake iya yi, ko shi kaɗai?"

"Kowa, Koci," in ji yaron, baki har kunne. Kaico. Da ya san abin da yake saye da wannan amsa, da ya ce shi kaɗai.

Washegari Koci ya kai shi wani ɗan ɗaki a bayan zauren atisaye, inda ake ajiye tsofaffin raga da ƙwallayen da suka sace. Akwai talabijin a kan kujera, da na'urar bidiyo, da kwalin kaset. Ya miƙa masa wata jar riga marar lamba.

"Wannan kaset ɗin gwanin ƙasar da za mu fara haɗuwa da ita ne. Ka kalle shi har ka zama shi. Yadda yake juyawa, inda yake kallo kafin ya ba da ƙwallo, lokacin da yake gajiya. Idan ka shigo fili da jar rigar nan, ba kai nake son gani ba, shi nake son gani."

Haka aikin ya fara, kuma ya yi kyau fiye da yadda Koci ya zata. 'Yan wasan suka je gasa suka tarar da mutanen da suka riga suka yi wata guda suna kokawa da su a gida. A shekarar, karo na farko, suka fita daga rukuni. Gasa ta gaba suka kai kusa da na ƙarshe. Wadda ta biyo baya suka zo na uku, aka dawo da tagulla, 'yan jarida suka fara koyon sunayen 'yan wasa. Zauren da a da tattabaru kaɗai ke shiga ya fara cika da mutane.

Ga inda tarkon yake, kuma sai da shekaru suka ja kafin Madubi ya gane shi. Idan ya sa jar riga ya zuba musu ƙwallaye a atisaye, Koci sai ya busa usur ya juya kan sauran: "Kun gani ko? Haka mutumin nan zai yi muku!" Makin na mutumin kaset ne, ba na Madubi ba. Idan kuwa wani ya tare shi ya hana shi motsi, sai Koci ya dafa wancan ya ce, "Kai ne za ka riƙe mana shi," wancan ya samu kujera a jirgi. Ya ci, wani ya ci. An tare shi, wani ya samu shiga. Ranar kiran suna kuma, idan an jera su a tsakiyar fili Koci ya kira sha biyu da bakinsa, sai ya biyo Madubi har bakin ƙofa ya riƙe masa gwiwar hannu, don nan ne iyakar inda hannunsa ke kaiwa.

"Ka yi haƙuri. Ka fi mini amfani a nan. Baɗi, in Allah ya kai mu."

A cikin waɗannan baɗi-baɗin ya yi aure. Matarsa malamar makaranta ce, mace mai baki, kuma ita ce mutum ɗaya da ta riƙa ganin abin da aikin ke yi masa. Wata shekara ya dawo gida yana tafiya da ɗan ɗingishi, ta tsorata, ashe gwanin shekarar ne ke ɗingishi. Wata shekara ya koyo taɓe baki da ɗage kafaɗa. "Ni fa mutum ɗaya na aura," in ji ta, "amma kowace gasa sai a dawo mini da wani ƙato daban. Ka gaya wa kocin naku ya aiko mini da mijina ko da hutun mako ne." Duk da haka ita ce ke goge masa kaya ta shirya jaka kafin ranar kiran suna, kowace shekara, har da sabon buroshi da tawul. Ita ce kuma ke kwance jakar da yamma, ta ƙara masa nama a miya.

Sai zamanin Bahago ya zo. Ɗan wata maƙwabciyar ƙasa ne, mai wasa da hannun hagu, kuma a shekarun nan babu kamarsa a nahiyar. Sau biyu ƙungiyar ƙasa na kaiwa wasan ƙarshe, sau biyu Bahago na raba su da kofi shi kaɗai, yana murmushi. Koci ya daina barci. Ya tara duk kaset ɗin da ke da fuskar mutumin ya zube wa Madubi.

"Wannan ba kwaikwayo nake so ba. Ka manta kana da hannun dama."

Madubi ya ɗauki maganar yadda aka faɗe ta. Ya sa matarsa ta riƙa ɗaure masa hannun dama a jiki da bandeji tun safe. Da hagu yake buɗe ƙofa, da hagu yake aske gemu, fuskarsa duk yanka. Watanni ya yi a haka. Da ya shigo fili da jar riga ranar farko, ya karya ta hagu ya wuce Kyaftin kamar an dasa shi. Wani daga benci ya ce, "Innalillahi, shi ne." Koci kuwa, a karon farko da aka taɓa gani, ya yi murmushi. Da aka tashi ya ce masa, "Bana in mun shirya yadda nake so, da kai za a tafi. Na faɗa."

Madubi ya yarda. Ya riga ya haura talatin, gwiwoyinsa sun fara magana idan zai hau bene, ya san bana ce ko babu. Amma da sansani ya yi nisa sai ya lura da wani matashi mai dogayen hannuwa da Koci ke ta haɗa shi da shi. Kullum matashin na ƙara gane Bahago, wato yana ƙara gane Madubi. Kujera ɗaya ta rage a cikin sha biyun, kuma da hannunsa yake sassaƙa wanda zai zauna a kanta.

Ranar atisayen ƙarshe ya tashi da wani tunani: shekara da shekaru Koci bai taɓa ganin wasansa ba. Ya ga ɗingishin wancan, ya ga juyin wannan, amma nasa na kansa, na hannun daman da ya kawo shi sansani, bai gani ba tun makon farko. To ta yaya mutum zai zaɓi abin da bai gani ba?

Aka fara. Ƙwallo ta zo hannunsa, matashin ya tare masa hagu kamar yadda aka koya masa. Madubi ya dawo da ita dama, ya tashi sama, ya sake ta. Ta shige raga ba ƙara. Ta sake zuwa, ya sake. Ta uku daga nesa ya jefa, daga inda Bahago bai taɓa gwadawa ba, ita ma ta shiga. Jikinsa ya yi sauƙi kamar ya sauke buhu. Ya manta da gwiwa, ya manta da kaset, har wata dariya ya ji tana taso masa. Ya daɗe bai ji daɗin ƙwallo irin na waɗannan 'yan mintuna ba.

Usur ya tsaga zauren. Koci ya taho da sauri, jijiyar wuyansa a tashe.

"Mene ne wannan? Wa ya sa ka? A wane kaset ka ga Bahago ya yi jifa da dama?"

"Koci, na ce ko ka ga..."

"In ga me? Gobe za mu tashi, kai kana ɓata mini atisaye da wasan unguwa! Ka rikita mini yaro. Koma ka zama shi, ko ka cire rigar ka ba ni wuri."

Ya tsaya, ƙwallo a hannu, kowa na kallonsa. Sannan ya mayar da ita hagu. Da aka tashi, Kyaftin ya zo kusa da shi yana goge zufa, ya ce a hankali, "Wallahi ban san kana da wannan hannun ba." Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Shekara goma da wani abu suna kwana ɗaki ɗaya a sansani.

Da yamma aka jera su, aka kira sha biyu. Matashin ne na ƙarshe. Wannan karon Koci bai biyo Madubi bakin ƙofa ba.

A falon maƙwabcinsa ya kalli wasan ƙarshe, cikin mutane sun cika har taga. Duk abin da Bahago zai yi, Madubi na riga shi sani, kafaɗarsa ta hagu na motsi da kanta. Matashin nan ya manne wa Bahago kamar ƙaya a riga, ya hana shi sakat. Da aka busa tashi, ƙasar ta ɗauki kofin nahiya, na farko kuma na ƙarshe a tarihinta. Falon ya hargitse, ana rungume-rungume, wani ya fasa fitila da kai. A talabijin aka nuno Bahago zaune a ƙasa ya rufe fuska da riga. Madubi ya kalle shi, ya ji tausayinsa ya kama shi fiye da murna, ya rasa wa zai gaya wa wannan. Ya tashi ya tafi gida, ya tarar da matarsa ta kashe nasu talabijin tun rabin lokaci.

Bayan shekara ɗaya gwiwar hagu ta tsaya cak, ita da ya ɗora wa nauyin da ba nata ba. Babu wanda ya kore shi, gayyata ce kawai ta daina zuwa. Yayan matarsa mai shagon kayan gini ya ce, "Zo ka zauna da ni, ko ba komai na huta da hawa tsani." Koci ma bai daɗe ba ya yi ritaya. Waɗanda suka gaje shi suna da kwamfuta da ke nuna musu kowane ɗan wasa a duniya, ba sa bukatar mai jar riga, kuma duk da kwamfutar ƙungiyar ta koma gidan jiya. Yau rufin zauren na yoyo, ana jera bokitai a tsakiyar fili idan an yi ruwa. Duk shekara idan ranar cin kofin ta zagayo, gidan talabijin na sake nuna wasan, a kira sunayen sha biyun ɗaya bayan ɗaya. Jikokinsa sun haddace su. Ya taɓa gaya musu yana cikin ƙungiyar, ƙaramar ta ce, "To Kaka, kai wanne ne a ciki?" Bai sake tayar da zancen ba.

Abu ɗaya ya rage masa, tambaya ce. Ya daina son rigar, don ko an ba shi yanzu sai dai a rufe madubin ɗaki da ita. So yake kawai ya ji daga bakin Koci: da ya isa a ɗauke shi, ko dama can bai isa ba? Ya sha shirya yadda zai yi tambayar yana zaune a kan siminti, ya sha kuma fasawa.

Sai wata rana da hantsi wata mata ta shigo shagon, ba saye ta zo yi ba. Ta ce ita 'yar Koci ce. Baba ya tsufa ƙwarai, jiki ya ƙi, kuma likita ya ce a riƙa kawo masa mutanen da ya sani a da, ko zai ɗan farfaɗo. Kyaftin ne ya kwatanta mata shagon.

Matarsa ta goge masa kaya. "Ka tambaye shi," in ji ta tana gyara masa wuyan riga, sai da ta hau kan kujera. "In ba ka tambaye shi ba, kada ka dawo mini nan kana juyi a gado."

Ɗakin na warin magani. Koci na zaune a keken marasa lafiya kusa da taga, ya ƙanƙance, an lulluɓe masa ƙafafu da bargo. Madubi ya sunkuya ya shigo ta ƙofar, ya tsaya. Tsohon ya ɗaga kai yana bin sa da kallo daga ƙasa har sama, a hankali, sai idanunsa suka yi haske.

"Kai ne?"

"Ni ne, Koci."

"Ka zo har nan? Tun daga ƙasarku?" Ya juya wajen 'yarsa. "Kin san wane ne wannan? Bahago ke nan. Mutumin da ya hana ni barci shekara da shekaru. Ba shi kujera, ba shi kujera!"

'Yar ta buɗe baki za ta gyara masa, Madubi ya girgiza mata kai. Ya zauna. Tsohon ya kamo hannunsa da hannuwa biyu, yana jujjuya shi kamar mai duba kaya a kasuwa.

"Na kalle ka kullum, ka sani? Kullum, a zaurena. Ban taɓa ganin ɗan wasa irinka ba. Har wata rana ka yi mini jifa da dama, uku a jere, na ce wannan mutum ba shi da magani." Ya yi 'yar dariya, tari ya sarƙe shi, ya huta. "Kash. Da a ƙasarmu aka haife ka, wallahi da sunanka zan fara kira."

Madubi ya zauna da hannunsa cikin na tsohon. Tambayar na nan a bakinsa, a shirye, yadda ya tsara ta, amma babu wanda zai yi wa ita a ɗakin.

"Na gode, Koci," in ji shi.

"A'a, ni ne da godiya. Ka gaida mutanen ƙasarku."

"Za su ji."